Yadda faiba ta koma kunne a cikin rijiyar mai

Mu dai nan in aka ce faiba intanet ne kawai ke zuwa mana a rai, kebul ɗin nan da ake haƙe gefen titi ana binnewa masu gyaran kwalbati su zo su datse, ko na ƙarƙashin teku irin waɗanda suka tsinke a watan Maris na 2024 wajen gaɓar Kodebuwa har harkar banki ta rikice a wurare da dama. To amma mutanen mai sun samo wa wannan zaren gilashin wani aiki daban wanda ba ruwansa da kai saƙo. Zura shi suke yi cikin rijiya mai zurfin kilomita 3 ko 5, shi kansa zaren ya zama ma'aunin zafi kuma ya zama kunne tun daga bakin rijiya har gindinta, ba batir ba wayar wuta, ba komai a can ƙasan sai gilashi zalla. Abin da ni ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne ilimin hasken bai ba su wuya sosai ba, tun shekarun 1980 aka san kansa a ɗakin bincike. Abin da ya ci musu shekaru da maƙudan kuɗi shi ne yadda za a hana rijiya kashe gilashin, shi ya sa in ka bi ƙirƙire-ƙirƙiren da kamfanoni ke yi wa rajista a fannin za ka tarar da yawansu maganar bututu ce da maɗauri da mahaɗi da abin shafawa, irin abubuwan da ba jaridar da za ta sa a shafin gaba.

Rijiyar mai fa rami ne matsattse, can ƙasa faɗinsa ɗan inci kaɗan ne, ba mahaluƙin da ya taɓa shiga ya gani da idonsa. Injiniyan da ke sama abin da yake gani jimilla ce kawai, yau ganga kaza ta fito, kashi kaza a ciki ruwa ne. Alhali rijiya ɗaya tana ratsa shimfiɗun dutse da yawa, wannan na ba da mai, wancan ya fara ba da ruwan gishiri, wani kuma yashi yake turowa yana cinye bututu, kuma in ba ka san takamaimai inda ruwan ke shigowa ba ba ka da yadda za ka toshe shi. Hanyar da aka saba ita ce a kawo mota da ma'aikata a zura na'ura a jikin waya ta sauka tana aunawa, a samu hoton wannan ranar kaɗai, gobe kuma Allah masani. Da aka fara haƙa rijiyoyin kwance, wato a sauka a miƙe sannan a lanƙwasa a bi cikin dutse kilomita 2 ko 3 a kwance, sai nauyin na'urar ma ya daina kai ta, sai an haɗa ta da wani ɗan inji mai taya ya ja ta. Akwai ma'aunan lantarki da ake girkewa dindindin, amma su wuri ɗaya tak suke aunawa, ga shi zafi ba ya ga maciji da kayan lantarki, ƙasa kuwa kowane kilomita ka sauka tana ƙara kusan digiri 25 zuwa 30.

Toh ina faiba ta shigo? Ta wani aibi nata ne wanda masu sadarwa suka yi ta yaƙi da shi. A 1966 Charles Kao da George Hockham a Ingila suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke shanye haske, in aka tace shi haske zai yi tafiya mai nisa, a 1970 kamfanin Corning na Amurka ya fitar da zaren farko da ya kai mizanin da suka yi hasashe, Kao kuma sai 2009 ya karɓi kyautar Nobel. Yau zare mai kyau sai haske ya yi kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Amma duk tacewar nan akwai abin da ba ya fita, lokacin da narkakken gilashi ke daskarewa wani wuri kan fi wani ɗan cunkushewa, ƙanana ƙwarai, kuma duk inda haske ya bi ta kansu wani ɗan mitsitsin kaso nasa yana warwatsewa, wani ya juyo baya ta hanyar da ya fito. Wajen mai intanet asara ce. Wajen mai rijiya kuwa kowane taku na zaren yana aiko da amsa kenan. Lissafin mai sauƙi ne: haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, in ka harba ɗan walƙiyar leza, wato siririn haske mai ƙarfi, ka tsaya kana ƙirga lokaci, amsar da ta dawo bayan kashi 10 cikin biliyan na sakan daga nisan mita 1 ta fito, wadda ta dawo bayan kashi 50 cikin miliyan daga kilomita 5 take. Lokaci shi ne zurfi, shikenan. Duk wayon yana cikin akwatin lezar da ke sama a inuwa, wanda in ya lalace a sauya shi da rana tsaka.

Abin da aka fara aunawa zafi ne, fasahar da suke kira DTS, wato awon zafi a duk tsawon zaren. Tana tsaye ne kan binciken wani masanin Indiya C. V. Raman na 1928, wanda ya gano cewa wani ɗan kaso na hasken da ya warwatse yana dawowa da launi daban da wanda aka aika. Launi biyu ne ke dawowa, ɗaya ƙarfinsa na ƙaruwa sosai in gilashin ya yi zafi, ɗayan kuma bai cika damuwa da zafi ba, sai a gwada wannan da wancan a fitar da digiri. John Dakin da abokan aikinsa a Ingila suka nuna haka a zaren faiba a 1985, a shekarun 1990 kuma abin ya shiga rijiyoyi. Sakamakon shi ne layi guda a allon kwamfuta, zafin kowace mita daga sama har ƙasa, kuma mai ido yana karanta abubuwa da yawa a jikinsa. Gas in ya fito daga matsin dutse ya shiga rijiya yana buɗewa ya yi sanyi, sai ka ga layin ya ɗan lotsa a daidai wurin, ka san nan gas ke shigowa. Bawul ɗin da ake tura gas ta cikinsa don a ɗaga mai, wanda ke aiki zai nuna sanyi, wanda ya mutu shiru. Wanda ya fi ban sha'awa a rijiyoyin da ake ɗura ruwa ne don a turo mai zuwa maƙwabtansu: a yi ta ɗura ruwan sanyi, sai a rufe famfo a zauna kallo. Ƙasa za ta fara mayar da zafinta, shimfiɗar da ba ta sha ruwa ba nan da nan ta ɗume, wadda ta sha da yawa kuwa ta daɗe tana sanyi. Daga saurin ɗumamar kawai an gane wa ya sha wa bai sha ba.

Sai rijiya ta fara nuna halinta. Wurin da aka fi buƙatar wannan awo shi ne wurin da ya fi cin zaren, misali yashin mai na Alberta a Kanada, inda man ya yi kauri har ba ya gudu sai an narka shi. Dabarar da Roger Butler ya fito da ita ita ce rijiyoyi biyu a kwance, ɗaya a saman ɗaya da tazarar kusan mita 5, ta sama a hura mata tururi mai zafin sama da digiri 200, mai ya narke ya gangaro ta ƙasa ta kwashe. In tururin ya ɓalle kai tsaye zuwa ta ƙasan yana iya huda bututu da yashi, don haka dole a san zafin kowane wuri. Aka sa faiba, da farko lafiya lau, bayan wani lokaci sai awon ya fara karkacewa, daga baya hasken ma ya daina dawowa daga nesa. Zaren bai tsinke ba, makancewa ya yi. Mai laifin haidirojin ne, iskar da ƙwayarta ke da ƙanƙanta ƙwarai, tana fitowa daga tsatsar ƙarfe da ruwan rijiyar kansa, kuma da zafi ratsa ƙarfe take yi ta shige cikin gilashi. Masu kebul ɗin teku sun ga alamar wannan tun farkon shekarun 1980, amma su a ruwan sanyi suke, abin bai kai haka ba. Wani ɓangare na ɓarnar yana warkewa in iskar ta fita, wani kuwa haɗuwa take yi da gilashin ta zauna har abada, musamman zaren da aka sa wa sinadarin jamaniyam a tsakiya, wanda shi ne zaren sadarwa na yau da kullum. Mugun abin kuma launuka biyun nan ba daidai take shanye su ba, saboda haka tun kafin zaren ya mutu ya riga ya fara yi maka ƙarya, ya ce digiri kaza alhali ba haka ba ne, kai kuma kana yanke hukuncin miliyoyin daloli a kai.

Nan ne ƙirƙira ta yi yawa, kowa da tasa. Wasu suka lulluɓe gilashin da wani siririn rufin gawayi wanda ke tare iskar, yana aiki sosai amma in zafi ya haura wajen digiri 150 sai ya fara sakin jiki. Wasu suka cika bututun da wani mai mai kauri da ke shanye haidirojin kafin ya kai ga zaren, shi kuma yana ƙoshi wata rana. Robar da ke jikin zaren sadarwa wajen digiri 85 take tsayawa, aka sauya ta da wata mai jure kusan 300. Kamfanin Sensa na Ingila, wanda Schlumberger ya saya a 2001, ya shahara da wata dabara ta daban: a girka siririn bututu fanko ya sauka ya lanƙwaso ya dawo sama, sai a tura zaren ciki da ƙarfin ruwa, in ya makance a zaro shi a tura sabo, kuma tunda bakinsa biyu duk suna sama ana harba haske ta nan a harba ta can a gyara kuskuren awon. Amma maganin da ya fi kama jijiyar ciwon shi ne sauya gilashin kansa, a bar tsakiyarsa tsantsa ba jamaniyam, a sa sinadarin fulorin a kewayen. A ganina wannan canjin da ba ya ko ganuwa da ido ya fi duk wata sabuwar leza tasiri a harkar.

Shi kansa kebul ɗin abin kallo ne in aka yanka shi. Zaren kaurinsa kashi 1 cikin 8 na milimita ne. Ana shimfiɗa shi kan siririn faifan ƙarfe mara tsatsa, inji ya naɗe faifan ya zama bututu, leza ta bi ta yi masa walda, zaren na ciki bai ƙone ba. Wannan kuma a saka shi cikin wani bututun mai kaurin kwata na inci, na ƙarfen da ke jure gas mai guba, a bi da roba a waje. Ga wata matsala da ba za ta zo wa mutum a rai ba: ƙarfe in ya ji zafi yana miƙewa kusan ninki 30 na yadda gilashi ke yi. Ɗauki kebul mai kilomita 3 ka ƙara masa digiri 100, ƙarfen zai ƙaru da kusan mita 5, gilashin ko rabin mita ba zai yi ba, in tsawonsu ɗaya ne tun farko ƙarfen zai yi ta jan zaren har wata rana yana iya tsinkewa. Sai ake cusa zaren ya ɗan fi bututun tsawo ya kwanta a ciki a lanƙwashe, kamar dai yadda tela ke bar wa ɗinkin yaro sarari saboda girma. In sararin ya yi kaɗan ya tsinke, in ya yi yawa ya cukurkuɗe haske ya zube.

Saukar da shi ma wani yaƙin ne. Ana ɗaure shi a bayan bututun rijiya da maɗaurin ƙarfe a kowace gaɓa, gaɓa ɗaruruwa, ma'aikata na yi ana saukarwa a hankali, matsewa ɗaya ta kuskure ta gama da shi kuma ba za a sani ba sai an auna, shi ya sa ake haska shi a kai a kai ana cikin saukarwa. In a bayan babban bututu aka sa shi aka zuba siminti, to ya zauna kenan, ba gyara ba cirewa. Sannan a zo huda bututun da nakiya don mai ya samu hanya, nakiyar kuwa ba ta san kebul ba. Dole a fara zura wata na'ura ta gano ta wane gefe kebul ɗin ya kwanta a kowane zurfi, don juyawa yake yi yana sauka, har ƙarin sandunan ƙarfe ake jera masa a gefe don na'urar ta ji shi, sannan a juya bindigar nakiyar ta harba ɗaya gefen.

Juyin da ya fi girma ya zo a 2009, lokacin da Shell ya gwada sauraren sauti da faiba a wata rijiyar gas a Kanada tare da OptaSense, wanda a lokacin reshe ne na kamfanin QinetiQ da asalinsa daga binciken tsaron Birtaniya ya fito. Wannan ita ce fasahar da suke kira DAS, wato sauraren sauti a duk tsawon zaren. Ƙananan aibobin nan na cikin gilashi suna nan daram a wurarensu, in sauti ya taɓa zaren ya miƙe shi ko da na ƙasa da kaurin ƙwayar cuta ne tazarar da ke tsakaninsu ta canza, amsar hasken ma ta canza. Harba leza sau 10,000 a sakan ka gwada kowace amsa da ta gabanta, ka samu dubban makirfo a jere kenan. Abin da ya fara tonawa ya ba masu fasa dutse da ruwa kunya. A Texas da Dakota ta Arewa ana raba rijiyar kwance kashi-kashi, kowane kashi a huda shi wurare da yawa a tura ruwa da yashi da matsi, ana ɗauka duk hudojin suna sha daidai. Da aka saurara sai ga wasu na kwankwaɗa wasu ko ɗigo, wani lokacin ma ruwan ya zille ta gefen toshiyar da ke raba kashi da kashi ya koma kashin da aka riga aka gama. Dole aka sake tsarin yawan hudoji da girmansu. BP kuma a rijiyoyinsa na tekun Kasfiyan a Azarbaijan ya yi amfani da shi wajen jin ƙarar yashi yana bugun bututu don gane ta inda yake shigowa. Ana kuma girgiza ƙasa daga sama a saurara da zaren a zana hoton duwatsun da ke kewaye, ba sai an dakatar da rijiya an zura na'urori ba.

Abin dariyar, bayan sama da shekara 40 ana tace gilashi, sai ga kamfanoni irin Silixa na Ingila suna ƙera zaren da aka sa wa aibi da gangan don ya riƙa maido da haske mai yawa, kunnen ya ƙara kaifi. Wasu kuma suka lura zare miƙaƙƙe ya fi jin sautin da ya biyo tsawonsa, wanda ya bugo shi ta gefe da ƙyar yake ji, sai suka naɗe shi a murɗe cikin kebul. Wasu ma suka ce duk wannan sulken na mene ne in aikin na kwana ɗaya ne? Well-SENSE na Aberdeen ya fito da wani ɗan kwanso da ake saki ya faɗa rijiya yana warware zare tsirara a bayansa, a auna na wasu awoyi, a bar shi can. Bayan duk wahalar kare gilashi, wata mafitar ita ce a daina kare shi.

Kar dai a ɗauka an gama. Yi lissafi da kanka: wurin saurare 5,000, kowanne sau 10,000 a sakan, ko da bayit 2 ne kowane awo ka kai megabayit 100 a sakan, sama da tarabayit 8 a rana daga rijiya ɗaya, a jeji ko tsakiyar teku. Dole a tace a wurin a zubar da mafi yawa. Kuma kunnen yana gaya maka akwai ƙara a nan, amma ganga nawa ce, mai ne ko ruwa, wannan fassara ce, masana biyu na iya kallon hoto ɗaya su saɓa. Ko zurfin ma sai an yi hattara, tunda tsawon zare ba shi ne zurfin rijiya ba, akwai rarar da aka cusa akwai wanda ke naɗe a sama. Shi ya sa za ka ga injiniya da duk na'urorinsa na miliyoyi ya ɗauki sifana ya je yana ƙwanƙwasa kan rijiya, abokinsa na cikin kwantena yana duba allo ya ga a mita ta nawa ƙarar ta fito, daga nan a fara ƙirga.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye bututun mai ne, don irin wannan zaren in aka binne shi a gefen bututu yana jin haƙa da tafiyar mota da tsiyayar mai, ya faɗi wurin da tazarar 'yan mitoci daga nisan kilomita gommai. Najeriya, ƙasar da a watan Agusta da Satumba na 2022 haƙonta ya faɗi ƙasa da ganga miliyan 1 a rana, galibi saboda sata da fasa bututu a Neja Delta, ba sai an yi mata dogon bayanin amfanin wannan ba, haka ma dogayen layuka irin na gas daga Ajakuta zuwa Kano ko na ɗanyen mai daga Agadem zuwa gaɓar Benin. Sai dai zaren ƙararrawa kawai yake bugawa, in wanda zai tashi ya je wurin da rabonsa a cikin satar to an yi asarar kuɗin gilashi.

A waje kuma fasahar ta fara bin wasu ramukan, Shell na amfani da ita a aikin Quest na Alberta inda ake binne iskar kabon a ƙasa tun 2015, kamfanin Fervo a Amurka ya ɗauke ta zuwa rijiyoyin zafin ƙasa na samar da lantarki. Wurin da har yanzu ake fama shi ne rijiyoyin ƙarƙashin teku mai zurfi irin namu na Bonga da Egina, inda kan rijiyar ke ƙasan ruwa kuma akwatin leza na can nesa a kan jirgi. Dole zaren ya bi ta mahaɗai da ake haɗawa a cikin ruwa ba hannun mutum, a saita tsakiyar gilashi biyu masu faɗin kashi 9 cikin 1,000 na milimita su kalli juna cikin laka da matsi, kowane mahaɗi kuma yana cin nasa kason na hasken sau biyu, da tafiya da dawowa.